An cika tankin jirgin ruwa har wuya, yaya zan rage man?

Na-Yauri Mai Fito:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani. Jirgin da nake tuƙawa na faiba ne, tankinsa a jiki yake, can ƙarƙashin daɓe, lita 100 yake ci, inji Yamaha 75. Jiya da asuba yaron jirgi ya ɗura masa mai har wuya saboda lodin kasuwa da muke sa rai. Kafin azahar mai ya fara tsartuwa ta ɗan ramin shan iska na gefe, jirgi duk ya ɗauki wari. Yanzu kuma maigida ya ce tafiya ta fasa, za a ja jirgin tudu a gyara gindinsa inda ya tsage, aikin zai kai wata guda ko fiye. To yaya zan rage man nan? Kuma in za a ajiye jirgi, kwashewa ake yi duka ko bari ake yi? Man an riga an haɗa shi da baƙin mai.

Ɗan Bumburutu:
Wa alaikumus salam. Wannan har sai an kawo shi zaure? Samo tiyo, zura cikin tanki, ja da baki, da ka ji ya taho ka sa a jarka. Mu kullum abin da muke yi ke nan.

Malam Nas:
Ɗan Bumburutu, don Allah bar koya wa mutane wannan. Na-Yauri, kada ka sa baki.

Ɗan Bumburutu:
Malam, tun ina yaro nake zuƙar mai, ga ni nan garau. In ya kuɓuce ya shiga ciki a sha manja ko madara, shi ke nan.

Malam Nas:
Allah ya ƙara maka lafiya, amma ba cikin ne abin tsoro ba, huhu ne. Fetur ba shi da kauri, da ya zo maƙogwaro ka ƙware, ɗan kaɗan ya isa ya gangara huhu ya bazu. Abin da ke biyo baya shi ne tari, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, zazzaɓi, wani lokaci sai bayan sa'o'i suke bayyana, mutum ya riga ya koma gida yana cewa ai ba komai. Manja ba ya kashe komai a fetur. Abin da ya fi yi shi ne ya tayar da zuciya, kuma amai shi ne hanya ta biyu da man zai bi ya shiga huhun. Shi ya sa muke cewa kada a sa wanda ya sha fetur ko kananzir ya yi amai, kada a tura masa yatsa, kada a ɗura masa komai. Ya kurkure baki, a cire rigar da ta jiƙe, a wanke jiki da sabulu. In yana tari ko numfashinsa ya sauya, asibiti kai tsaye. Yara da suke shan kananzir a robar lemo irin wannan ne ke kawo mana su.

Baba Makanike:
Salamu alaikum. Ku bar gardamar baki tukuna, domin ko ya sa bakin man ba zai taho ba. Na-Yauri, jirgin yana kan ruwa har yanzu?

Na-Yauri Mai Fito:
Yana kan ruwa Baba, a ɗaure bakin gaɓa.

Baba Makanike:
To ka gani. Mai ba ya hawa tudu da kansa. Tiyo yana jan mai ne kawai in jarkar tana ƙasa da saman man da ke cikin tanki. Tankinka yana gindin jirgi, daidai da ruwa ko ma ƙasa da shi, jarkarka kuma tana kan gaɓa. Sai ka zuƙa, ya zo bakinka, ka saki, ya koma. Ka sake zuƙa. A nan ne yara suke shan mai. Ɗan Bumburutu daga tankin mota yake ja zuwa jarka a ƙasa, ba aiki ɗaya ba ne.

Abin da za ka yi amfani da shi yana cikin jirginka tuni: famfon robar nan da ke tsakiyar tiyon mai, wanda kake matsawa kafin ka ta da inji. A cikinsa akwai bawul biyu, mai yana wucewa gaba ba ya dawowa. Ka cire tiyon daga jikin inji. Kan da ke shiga injin yana da ɗan bawul mai sifirin da ke toshe mai in an zare shi, don haka sai ka sassauta kilif ka cire kan gaba ɗaya, ka ɗaura ƙarin tiyo mai tsawo ya kai jarka. Ka duba kibiyar da ke jikin robar, ta nuna wajen jarka, ka riƙe ta bakin kibiyar na kallon sama, ta fi ja a haka. Sai matsawa. Tunda jarka na sama, kowane ɗigo sai da hannunka zai fita, amma lita 10 kawai kake buƙatar ragewa yau tsartuwar ta tsaya. Sauran ka bari sai an ja jirgi tudu, an ɗora shi kan gungume, ka sa jarka ta gangare. A nan matsa biyar ko shida, mai zai ci gaba da zuba da kansa.

Sarkin Ruwa Ƙarami:
Baba ranka ya daɗe, lita 100 da robar hannu? Ai hannu zai mutu. Ni ina da ɗan famfon ruwa mai amfani da batir, wanda nake kwarfe jirgi da shi. Minti kaɗan zai gama. Na-Yauri in kana so aiko yaro.

Baba Makanike:
Kada ka ba shi. Na roƙe ka da girman Allah. Famfon ruwa motarsa tana tartsatsi a ciki, kuma lokacin da kake maƙala waya a kan batir ma tartsatsi ne. Ba ruwan man ke kamawa ba, tururinsa ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a wuri mafi zurfi, kuma a jirgi wuri mafi zurfi shi ne inda kake ajiye famfon. Jirgin da mai ya zuba a cikinsa tun jiya, ƙasan daɓensa cike yake da shi.

Injiniya Kainji:
Baba ya faɗi gaskiya. Ku tuna mahaɗar Dikko a jihar Neja, Janairun 2025. Tanka ta faɗi, rahotanni suka ce ana ƙoƙarin juye man zuwa wata tankar da janareto, wuta ta tashi, mutum fiye da 80 suka rasu. Akwai famfon lantarki da aka ƙera musamman don fetur, a rufe yake ruf, amma ba shi ne ke hannun mutanenmu ba. In ana son sauri a nemi famfon duro na hannu, mai juyawa, wanda masu sayar da mai ke amfani da shi.

Game da dalilin tsartuwar kuma, ba tankin ne ya fashe ba, Na-Yauri, kada hankalinka ya tashi. Fetur yana kumbura da zafi. A lita 100, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ƙara kusan lita 1. Man da ya kwana a jarka cikin sanyin hunturu aka ɗura da asuba, rana ta buɗe a kansa, dole ya nemi hanya. Shi ya sa ba a cika tanki har wuya. A bar masa kamar kashi ɗaya cikin goma.

Na-Yauri Mai Fito:
Na gode Injiniya. Wallahi maigida har ya fara cewa a fasa daɓe a duba tanki.

Baba Makanike:
Kafin a fasa komai, rage man ka goge wurin, gobe ka sa hannu ka shinshina ƙasan daɓe. In ya bushe, kumburi ne. In ka sake ganin danshin mai alhali tanki ya sauka, to sai a duba tiyon ɗuri da marfin geji, wato murfin ma'aunin mai da ke saman tanki, nan suka fi yoyo.

Kuma ga tsari, kada ka juya shi. Buɗe duk murafun daɓe iska ta ratsa, ka goge man da ya zuba, sai wari ya lafa sannan ka cire kan batir, na baƙar waya farko. Bayan nan ne za ka buɗe tiyon mai. Mutane suna fara zuƙar mai, sai a tsakiyar aiki wani ya tuna da batir ya je ya fizge waya. Wannan fizgewar ita ce ashana.

Uwar Biyu Mai Banda:
Sannunku da aiki. Ni ba direba ba ce, kifi nake banda, amma ina da magana. Duk wanda zai yi wannan aiki ya dubi inda muke hura wuta. A bakin ruwa tandunanmu a jere suke, ga masu tuya, ga mai shayi. Sai ka ga yaro ya jere jarkoki kusa da mu yana juye mai, in ka yi magana ya ce ai da nisa. Sannan abin da ya rage a gindin jarka sai a watsa a ruwa. Nan muke wanke kifi, nan yara ke wanka, nan ake ɗibar na girki. Kifin da ya ɗauki warin fetur ko an banda shi mai saye yana ji, kuma ni zai dawo wa, ba direba ba.

Na-Yauri Mai Fito:
Gaskiya ne Inna. Can ƙasa da tasha zan kai shi inda ba kowa.

Uwar Biyu Mai Banda:
Allah ya yi albarka. Ka duba iska ma, kada ta kwaso ta kawo mana.

Ɗan Bumburutu:
To ni dai an ƙi tawa. Amma in man ya fito ina saye. Nawa jarka?

Sarkin Ruwa Ƙarami:
Kai da ma inda ka dosa ke nan 😂

Baba Makanike:
Man da aka haɗa da baƙin mai za ka saya ka sayar wa 'yan acaba? Ka ji tsoron Allah.

Ɗan Bumburutu:
Baba ai yana tafiya. Ɗan hayaƙi ne kawai.

Injiniya Kainji:
Tafiya kam yana yi. Haɗin waɗannan injinan 50 da 1 ne, wato jarka mai lita 25 rabin lita na baƙin mai take ɗauka. Wannan ba zai kashe babur nan take ba, amma Boxer da sauran babura na yanzu baƙin mansu daban yake zama, ba sa buƙatar wani a cikin fetur. In aka daɗe ana zuba musu, fulogi yana baƙi, hayaƙi yana ƙaruwa. Matsalar kuma ba kowa ke auna 50 da 1 ba. Da yawa a bakin ruwa da ido suke zubawa, kuma hannunsu yana da nauyi. In mutum ya sani ya saya ya gauraya da tsantsar fetur, ruwansa. A ɓoye masa ne ba daidai ba.

Inda man nan zai shiga ba gardama shi ne wani injin jirgin, ko ƙaramin janareton nan na Tiger, shi ma haɗi yake sha.

Alhaji na Yeji:
Gaisuwa daga Gana. Mu nan tafkin Volta akwai man masunta da ke zuwa a haɗe tun daga tushe, gwamnati na sa masa tallafi, kuma shuɗi ake rina shi don a gane shi in an karkatar. Duk da haka ana karkatarwa. Abin da zan ƙara shi ne Na-Yauri ya rubuta a jikin kowace jarka cewa haɗaɗɗe ne. Bayan wata guda ba wanda zai tuna, sai yaro ya sake zuba masa baƙin mai, inji ya yi ta shaƙewa a tsakiyar ruwa.

Na-Yauri Mai Fito:
Alhaji wannan shawara ta yi. Ba sayarwa za mu yi ba, tun da aka cire tallafi a 2023 ba mai wasa da lita 100. Tambayata ta biyu fa? A kwashe duka ko a bari?

Ɗan Baga:
A bari. Ni abin da na gada ke nan. Tankin da ba mai iska ce ke cika shi, dare ya yi sanyi ta yi gumi a jikin ƙarfe, ruwa ya taru a gindi. Ka dawo ka ɗura mai, ka yi nisa, inji ya fara tari. In za a ajiye jirgi a bar shi da mai kusan cike, ba inda iska za ta zauna.

Baba Makanike:
Ɗan Baga, maganarka daidai ce ga jirgin da za a ɗaure a tafi a bar shi. Wannan gyara za a yi masa. Mai gyaran faiba sai ya sa garanda ya kankare wurin da ya tsage kafin ya shafa, garanda kuwa motarta tartsatsi take yi, balle in ta taɓa ƙusa. Sannan za a kishingiɗa jirgin a gefe ɗaya, lita 90 za ta nemi ramin iska ta fito. Ga nauyi, kusan kilo 70 ne ake ƙara wa masu ja. A kwashe.

Ɗan Baga:
To Baba ai an ce tanki mara mai ya fi mai mai haɗari.

Baba Makanike:
Haka ne, kuma ka taɓo wurin da nake son zuwa. Tankin da aka zuƙe ba wofi ba ne, tururi ne da iska a gauraye, abin da ke fashewa ke nan. Don haka kwashewa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Bututun da ke jan mai zuwa inji ba ya taɓa gindin tanki, da gangan aka ɗaga shi don kada ya kwashi datti. Robar hannu za ta fara jan iska alhali akwai saura. Sai a kwance marfin geji da sukundireba, a hankali, a zura siririn tiyo har kusurwar da ta fi gangara a tsotse ragowar da robar nan dai. In tankin yana fita, a fitar da shi a kai inuwa nesa da wurin aiki. In ba ya fita, a bar shi ya sha iska kwana biyu a fili, a mayar da marfi a toshe, a tabbata ƙasan daɓe ba wari kafin mai garanda ya zo. Walda kuwa ko kusa, ko wa ya ce ya wanke tankin.

Ɗan Baga:
Ruwan gumin fa?

Baba Makanike:
Wata guda cikin rani, hunturu na busawa, wane gumi? Ruwan da nake samu a tankunan mutane yawancinsa sayo shi suka yi. Daga duro, daga jarkar da aka bari a buɗe, daga marfin da robarsa ta mutu.

Ɗan Baga:
Ni dai na ga gumi da idona. A tafki raɓa ba ta wasa.

Injiniya Kainji:
Ku duka biyu kuna da gaskiya, ya danganta da tanki da lokaci. Amma tunda an zo maganar ruwa, Na-Yauri ka ci ribar wannan aiki. Man ƙarshe da zai fito daga gindi kada ka haɗa shi da sauran. Zuba shi a farar kwalba ka ajiye ta natsu. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta ƙasa, za ka ga layi a tsakani ƙarara. In ka ga haka ka san abin da injinka ke shirin sha. Na saman a tsiyaye a tace, na ƙasan a rufe a kai wa masu gyaran inji su wanke kayan inji da shi.

Wani abu kuma da ba a faɗa ba: jarka a ƙasa ake ajiye ta, kan turɓaya, ba cikin jirgi ba, ba kan tabarmar roba ba. Bakin tiyo ya shiga har gindin jarkar, kada mai ya riƙa faɗowa daga sama yana kumfa. Lokacin hunturu jiki ma tartsatsi yake yi in ka taɓa ƙarfe, mai da ke gudu cikin roba shi ma yana tara irin wannan. Jarkar ma kada a cika ta har wuya, in ba haka ba abin da ya faru da tanki zai faru da ita a ɗaki.

Malam Nas:
Ba ma a ɗaki ba. Kada a kai inda ake kwana ko girki.

Sarkin Ruwa Ƙarami:
Waya fa? An ce tana ta da wuta.

Injiniya Kainji:
Bar ta a aljihun wani can nesa, ko don hankalinka ya tsaya kan jarka. Amma abin da ke ƙona mutane a zahiri sigari ne, da kan batir, da janareto, da aci-balbal. A yi aikin da rana, kada a kai magariba a ce a kawo fitila. A ajiye bokitin yashi kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukarta yake yi ya yaɗa.

Na-Yauri Mai Fito:
Alhamdu lillahi. Mun rage na farko da robar hannu, tsartuwa ta tsaya. Da la'asar aka ja jirgi tudu, muka sa jarka a gangare. Sai dai Baba, zubar ba ƙarfi, siriri yake zuwa, wani lokaci ya tsaya sai an sake matsawa.

Baba Makanike:
Wasu tankunan jiki suna da ɗan bawul a inda tiyo ke fita, an sa shi ne don kada mai ya zube da kansa in tiyo ya tsinke. Shi ke riƙe maka. Kada ka cire shi. Ka ƙara saukar da jarka, ka buɗe marfin ɗuri don iska ta shiga, ka duba ko zanzaro bai yi gini a ramin iskar ba. In duk da haka ne, bi ta marfin geji. Gaggawa aikin shaiɗan, jirgin ba inda za shi.

Na-Yauri Mai Fito:
Mun buɗe marfin ɗuri, ya ƙara gudu. Jarka uku sun cika, ta huɗu ta wuce rabi. Kwalbar ƙarshe kuwa akwai ruwa, kamar kaurin yatsa biyu, da jan datti.

Ɗan Baga:
Kun gani? Gumi!

Baba Makanike:
Duro.

Ɗan Bumburutu:
Ba dai nawa ba.

Baba Makanike:
Na-Yauri, saura inji. Man da ke cikin kafireto in ya yi wata yana bushewa, fetur ya tashi ya bar baƙin mai da danƙo, ya toshe jet, ɗan ramin da mai ke bi. Wasu suna zare tiyo su bar inji ya yi ta aiki har ya mutu. A ƙaramin inji mai kafireto ɗaya ba laifi. Naka silinda uku ne, kafireto ɗaya zai riga sauran ƙarewa, wannan silindar ta ci gaba da juyawa ba mai, kuma baƙin manta a cikin fetur ɗin yake. Ballantana yanzu jirgi na tudu, ba ruwan da zai sanyaya shi, kada ma ka ta da shi. Akwai ɗan noti a gindin kowane kafireto, kwance shi, tara tsumma ko ƙaramin gwangwani, ya tsiyaye, ka mayar. Tsumman a shanya shi a fili.

Sarkin Ruwa Ƙarami:
Baba ni injina 40 ne, tanki na ɗauka mai lita 24. Shi ma duk wannan hidimar?

Baba Makanike:
Kai ɗauki abinka ka fita da shi tudu, sa mazurari da ƙyalle mai tsabta ka juye. In za ka ɗauka ka ɗaure ɗan notin iska na kan marfi, in za ka ta da inji ka sassauta shi. Makon jiya wani ya kawo min inji wai yana mutuwa bayan ɗan tafiya, robar hannu ta lanƙwashe ta manne. Notin nan ne bai buɗe ba.

Ɗan Baga:
Na-Yauri, in an gama gyara ka sake gwada kwalba kafin ka ɗura sabon mai. In ka samu ruwa a tankin da aka tsotse tas, Baba zai biya shayi.

Baba Makanike:
Na yarda. In ba a samu ba kai za ka aiko da bandar tarwaɗa daga Baga, ba ƙanana ba.